Kafin Matashi Ya Amsa Sunan Kwamared, Ya Fara Buɗe Littafi

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga wasu matasa a titunan Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha. Abin da ya fito da su ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka fi ƙarfin talaka. To amma ko me masu ɗaga tutar suka nufa, tuta ba ta bayanin dalilin da ya sa manomin shinkafa yake kasa sayen shinkafa.

Haka ma sunan Kwamared. Yau ya zama ruwan dare a Facebook da ƙungiyoyin ɗalibai, alhali ya yaɗu ne ta hanyar 'yan gurguzu da ƙungiyoyin ƙwadago, mutanen da suka ɗauki karatu a matsayin rabin gwagwarmaya. An gaji sunan, an bar karatun. Matashin da ke da fushi ba shi da fahimta kuwa, kowane ɗan siyasa mai wayo zai iya hayar fushinsa da araha.

Don haka ya kamata matasa su karanta littattafan akidar gurguzu, ko a ƙarshe za su yarda da ita ko za su yi watsi da ita.

Gadon da aka bari

Wannan karatu ba baƙo ba ne a Arewa. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, takardar manufofinta ta Sawaba ta fito fili ta yi maganar takun-saƙa tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e. Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano sun haɗa ilimin addini da na boko. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali. A Jami'ar Ahmadu Bello kuma, Dakta Yusufu Bala Usman ya horar da ɗalibai su riƙa tambayar kowace doka da kowace kwangila: wa ta amfana?

Waɗannan mutane sun yi saɓani da juna, sun kuma yi kurakurai. Amma babu wanda zai ce ba su yi karatu ba.

Kada a fara da babban littafi

Kuskuren farko shi ne a sauke Das Kapital na Karl Marx a waya, a karanta shafi goma, kai ya ɗau zafi, a rufe har abada. Kundi na farko ya fito a 1867, kuma babinsa na farko shi ne mafi tsauri. Marx da kansa ya san haka. A wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa Kugelmann a wannan shekara, ya ba da shawarar matar abokin ta fara da babin da ke magana kan tsawon ranar aiki. Babin cike yake da rahotannin sufetocin masana'antun Ingila, inda ƙananan yara ke aiki tun asuba har dare. Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana fasa dutse a bakin hanya zai fahimce shi ba tare da malami ba.

Kafin nan ma akwai ƙananan littattafai. The Communist Manifesto, wanda Marx da Friedrich Engels suka fitar a 1848, ana iya gama shi a dare ɗaya. Wage Labour and Capital asalinsa laccoci ne da Marx ya yi wa ma'aikata, shi ya sa harshensa ke da sauƙi. Daga waɗannan ƙananan rubuce-rubuce mai karatu zai fara hango ginshiƙin hujjar Marx: ma'aikaci yana samar da abin da ya fi ladansa daraja, rarar kuma tana tafiya aljihun mai jari. Misali, idan ma'aikacin gidan burodi ya fanshi ladansa da aikin da ya yi kafin azahar, aikin da ya yi daga nan zuwa magariba na wa ne? Mai gidan burodin zai ce shi ya sayi tanda da fulawa, shi zai ɗauki asara idan kasuwa ta faɗi. A kan wannan gardama aka gina komai.

Daga nan sai a dawo gida Afirka. How Europe Underdeveloped Africa na Walter Rodney, wanda ya fito a 1972, yana cewa cinikin bayi da mulkin mallaka ne suka kwashe arzikin nahiyar suka gina Turai da shi. Ɗan Arewa yana da ma'aunin gwada wannan magana a ƙofar gidansa: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, dalar gyaɗa ta biyo baya. Ina gyaɗar take tafiya, kuma wa yake yanka mata farashi?

Labari shi ne mahaɗin nazari

Littafin nazari yana ba da ƙashi, littafin labari yana sa masa tsoka. Dabara mai amfani ita ce a riƙa haɗa su bibbiyu.

Wanda ke karanta Marx kan albashi, ya haɗa da Violence na Festus Iyayi, tsohon shugaban ASUU, wanda ya fito a 1979. Labarin wani lebura ne a birnin Benin da talauci ya kai shi ga sayar da jininsa. Wanda ke son sanin yadda yajin aiki yake a cikin gida, inda tukunya ke kife, ya nemi God's Bits of Wood na Sembène Ousmane, wanda aka gina kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa Bamako a 1947 da 1948. Wanda ke karanta The Wretched of the Earth na Frantz Fanon, musamman gargaɗinsa kan 'yan bokon da za su gaji kujerar Bature su ci gaba da halinsa, ya haɗa da Petals of Blood na Ngugi wa Thiong'o. A ƙarshen 1977, shekarar da littafin ya fito, gwamnatin Kenya ta tsare Ngugi ba tare da shari'a ba.

Da Hausa ma akwai abin farawa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona yadda fasa-ƙwauri da cin hanci ke haɗa attajiri da ma'aikacin gwamnati.

Karatun zaure a zamanin waya

Bahaushe yana da tsohuwar hanyar cin littafi mai wuya, wato karatun zaure. Ɗalibi ya karanta ɗan kaɗan, a fassara masa, ya je ya yi bita, ba a yi masa ƙari sai na jiya ya zauna. Wannan hanya ta fi dacewa da irin waɗannan littattafai.

Shafi biyar kullum ya fi shafi ɗari sau ɗaya a wata. A zaɓi lokaci guda, bayan asuba ko kafin barci, a kashe data, domin saƙon WhatsApp ɗaya ya isa ya tsinke zaren tunani. Littattafan Marx da Engels suna nan kyauta a intanet, saboda haka rashin kuɗi ba uzuri ba ne.

A ajiye littafin rubutu a gefe. Bayan kowane sashe, a rubuta abin da marubucin ya ce da Hausa, cikin jimla uku, tare da misali ɗaya daga kasuwa ko gona ko wurin aiki. Abin da mutum ya kasa faɗa da harshen uwarsa, bai gane shi ba tukuna, haddar Turanci kawai ya yi.

Sannan a nemi abokan karatu. Mutum huɗu ko biyar, sau ɗaya a mako, babi ɗaya. Zai fi kyau a samu wanda bai yarda da akidar ba a cikinsu, domin majalisar da kowa ke gyaɗa kai ba ta ƙara wa kowa ilimi.

A saurari ɗaya ɓangaren

Nan ne da yawa ke zamewa. Wanda ya karanta alƙawuran gurguzu, wajibi ne ya karanta abin da aka aikata da sunansa. Miliyoyin mutane sun mutu a yunwar Tarayyar Sobiyet ta 1932 zuwa 1933, da ta Sin a zamanin Mao. Gwamnatin Mengistu ta zubar da jini a Habasha. Shirin Ujamaa na Julius Nyerere a Tanzaniya ya yaɗa ilimi, amma tilasta wa manoma komawa sababbin ƙauyuka bai haifar da yalwar da aka yi fata ba.

George Orwell, wanda shi kansa mai ra'ayin gurguzu ne, ya rubuta Animal Farm a kan yadda masu juyin juya hali ke rikiɗewa su zama azzaluman da suka kora. Bala Abdullahi Funtua ya fassara shi zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi. Akwai kuma The Road to Serfdom na Friedrich Hayek, mai cewa idan gwamnati ta riƙe dukkan tattalin arziki, 'yancin jama'a ne zai biya kuɗin.

Batun addini ma ba abin ɓoyewa ba ne. Falsafar Marx ba ta ginu kan imani da Ubangiji ba, kuma mai karatu ya san da haka tun farko. Amma karanta littafi daban, bin marubucinsa daban. Ƙarnuka kafin Marx, Ibn Khaldun ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa aikin ɗan Adam ne tushen riba, kuma haraji mai nauyi yana rusa daula. Tambayar wa ya yi wahala, wa ya ci moriya, ba mallakin wata akida ba ce.

Zaɓe zai sake zuwa, masu neman kujera za su sake rantsuwa da sunan talaka. Matashin da ya yi wata shida yana karanta shafi biyar kullum zai iya tambayarsu inda kuɗin tallafin ya tafi, ya kuma gane idan an amsa masa da ƙarya. Wanda bai karanta ba, sai dai a sake miƙa masa tuta.