Tambayoyin Gane Hali A Waya: Wa Ke Cin Ribarsu?

Wani yayi ya shigo gidajenmu a nan Sakkwato ta cikin wayar hannu, wanda ya kamata mu tsaya mu dube shi da kyau. Watau tambayoyin nan da ake turowa ta Facebook da WhatsApp, a ce ki amsa goma ko ashirin, nan take a gaya miki ko ke wace irin mace ce, har da turare ko atamfar da ta dace da halinki. Daga Mabera har Runjin Sambo matan aure suna tura wa juna, 'yan makaranta kuwa har gardama suke yi a kan sakamakon.

Sauƙi kam akwai shi. Ba kuɗin mota, ba bin layi, kafin ruwan tuwo ya tafasa kin gama. Amma gaskiyar abin da aka gaya miki fa?

A shekarar 1948 wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam a Amurka, mai suna Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, sa'an nan ya ba kowa takarda ya ce ga sakamakonsa. Da aka ce su auna yadda bayanin ya dace da su, sai suka ba shi maki fiye da 4 cikin 5. Ashe takarda iri ɗaya ce ya raba musu duka, kuma yawancin maganganun daga littafin masu duban taurari ya tsinto su. Irin a ce miki kina son a yaba miki, amma kina yawan zargin kanki, wani lokaci kina son jama'a, wani lokaci kuma kina son kaɗaici. To, wace mace ce ba haka take ba? Iyayenmu sun daɗe da sanin wannan dabara a wurin 'yan duba.

Har wa yau, ke ce mai ba da shaida a kan kanki. Wa za a tambaya ko tana da rowa ta ce e? Amsar da kika bayar ranar da kuka saɓa da maigida ba ita za ki bayar ranar sallah ba. Ba mu ce duk gwajin hali ƙarya ne ba, domin akwai waɗanda likitoci da masana ke amfani da su, masu tsawo, kuma gwani ne ke fassara su. Waɗannan daban suke da na minti biyu.

Abin da ya fi damunmu shi ne inda amsoshin suke zuwa. A shekarar 2018 asiri ya tonu cewa wani gwajin hali a Facebook, wanda mutum kamar 270,000 suka shiga, ya kwashe bayanan mutane har wajen miliyan 87, domin bai tsaya kan mai amsawa ba, har da abokansa. Aka miƙa su ga kamfanin Cambridge Analytica mai aikin neman ƙuri'a, wanda aka kuma ba da labarin ya sa hannu cikin zaɓen Nijeriya na 2015. A shekarar 2019 hukuma a Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Ku lura, mai amsawa maganganun da suka dace da kowa ta samu, mai tambaya kuwa ya samu sunanta da shekarunta da abin da ranta ke so, ya san irin tallar da zai turo mata gobe.

Saboda haka muna kira ga 'yan mata, kada wata ta ƙi manemi ko ta amince da shi domin waya ta ce halinsu ya zo ɗaya ko bai zo ba. Binciken da iyaye ke yi kafin aure, a tambayi maƙwabta da abokan sana'a da limamin unguwa, yana da jinkiri, amma shaidar waɗanda suka zauna da mutum ce. Matan aure kuma kada a ɗauki sakamakon nan a shiga auna maigida ko abokiyar zama da shi.

Wadda take so ta yi don nishaɗi, ta yi. Amma da zarar an nemi lambar wayarki, ko ranar haihuwa, ko sunan mahaifiya, balle lambar BVN ko ta katin ɗan ƙasa, sai ki rufe shafin. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba ki ikon sanin abin da za a yi da bayananki kafin a karɓa. Muna roƙon malaman makarantun 'yan mata na cikin gari su ware ko da rabin sa'a su bayyana wa ɗalibai wannan, su kuma ɗalibai su kai wa iyayensu mata a gida.