Wasiƙar Gubuci: Wane Allo Ya Kamata Mai Koyo Ya Saya?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wata tambaya da malaman makaranta biyu suka aiko mini, ɗaya daga Ikara, ɗaya daga Kudan. Kowannensu yana da almajiri wanda ya ɗan iya rubutu da harshen kwamfuta da ake kira C, yana so ya koyi sarrafa ƙananan na'urori, amma kuɗinsa ba su da yawa. Suka ce wane allon lantarki zai saya? Tambayar tana da nauyi, gama yaron da ya tara kuɗi da ƙwadagon saran rake, in ya sayi abin da bai dace ba, da wuya ya sāke samun wasu bana.

Da fari sai mu san abin da ake so a koya. Ku ɗauka mai noman rani yana so injin ban-ruwansa ya riƙa tashi da kansa. Na'urar da za a haɗa masa tana da aiki uku: ta auna laimar ƙasa, ta ta da inji ko ta kashe shi, ta kuma aika wa mai gona labari. Ƙwaƙwalwa ɗaya ba ta yin aiki biyu a lokaci guda. Saboda haka akwai wata 'yar manhaja mai raba musu lokaci, ta ce wa wannan dakata, wancan wuce, kamar yadda madugu ke tsara ayari a mashigi. In rijiya ta ƙafe, kashe inji shi ne gaba da kome, ba ya jiran a gama aika saƙo, in ba haka ba inji ya ƙone. Wannan madugun shi ne abin koyon. Wanda ya fi shahara sunansa FreeRTOS, wani Bature Richard Barry ya fito da shi a 2003, kyauta ne, kuma asalin jikinsa fayil uku ne kacal, mai haƙuri yana iya karance su.

To, allon da aka fi ji a bakin samari shi ne Raspberry Pi, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 2012. Allo ne mai kyau, amma fa cikakkiyar kwamfuta ce, Linux ke tafiyar da ita, shi kuwa Linux rubutunsa layi miliyoyi ne. Yaro zai yi wata shida a kansa bai ga inda ake raba lokaci ba. Ga shi kuma a kan ɗan kati yake ajiye kome, in an ɗauke wuta yana cikin rubutu, katin na iya ɓaci. Mu da muka san halin wuta a ƙauyukanmu ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Arduino Uno kuwa, wanda zuriyarsa ta fito daga Italiya a 2005, na koyon kunna fitila da juya mota ne. Ma'ajinsa na aiki kilobait 2 ne. Kowane aiki da madugu ke riƙe da shi yana bukatar nasa gurbi a ma'ajin nan, kafin ka shirya uku ko huɗu rumbu ya cika.

Ni dai shawarata ita ce Raspberry Pi Pico. Kada sunan ya ruɗe ku, ba irin wancan babban ba ne. An fito da shi a Janairun 2021 a kan dala 4, ma'ajinsa kilobait 264, ya ninka na Uno fiye da sau ɗari. Ba shi da kati, ba ya zuwa da madugu a ciki. Mai koyo shi zai ɗora FreeRTOS da hannunsa, kuma a wajen ɗorawar nan rabin ilmin yake. Akwai ƙanensa Pico 2 na 2024, dala 5 ne, in an same shi ba laifi.

Amma a sayi biyu. Wannan ita ce maganar da na fi so malamai su riƙe. In manhaja ta cije, allo ba ya magana, sai ka ga fitila ta daina ƙyaftawa kurum, ba ka san wane aiki ya hana ɗan'uwansa wucewa ba. Pico na biyu ana iya mai da shi na'urar bin sawu: a haɗa shi da na farko da 'yan wayoyi uku, sai ka tsai da manhajar a layin da ka ga dama, ka leƙa cikin ma'aji daga kwamfutarka. Wanda ba shi da wannan lalube yake yi cikin duhu. Allunan Nucleo na kamfanin STMicroelectronics suna zuwa da tasu na'urar bin sawu a jiki, wanda ya samu ɗaya da araha ya karɓa.

Wani zai ce, ina ESP32 na kamfanin Espressif na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2016, yana kama intanet, kuma FreeRTOS na cikin kayan aikinsa tun asali? Lalle shi zan zaɓa ran da za a gina na'urar gonar da gaske. Don koyo kuwa, an riga an shirya wa yaro abubuwa da yawa a ɓoye, sai ya zama na biyu.

Gargaɗi ɗaya. Ƙafafun Pico wutar bolt 3.3 suke ɗauka, na Uno kuwa 5. Kayan awo da yawa da ke kasuwa don Uno aka yi su, in aka jona su kai tsaye allo na iya lalacewa. A tambayi mai kanti a Zariya ko Kano kafin a biya, a kuma duba rubutun da ke jikin kayan.

Aikin farko da zan ba almajiran nan shi ne fitila biyu da maɓalli ɗaya. Kowace fitila da nata aiki, maɓalli kuma a ba shi fifiko a kansu. Sa'an nan su juya fifikon su ga abin da zai faru, su rubuto mini.

Haza wasalam.

Naka,
Malamin Gubuci