Kotabambas: Da Wane Harshe Aka Nemi Yardar Masu Ƙasa?

Kotabambas lardi ne a yankin Apurimak da ke kudancin ƙasar Peru, can cikin tsaunukan Andis. Mafi yawan mazaunansa Kechuwa ne harshen da suka tashi da shi, kuma sana'arsu kiwon tumaki da alfaka (wata dabba mai yalwar gashi, dangin raƙumi) da noman dankali. Dankalin nan da muke jingina wa Turawa, daga waɗannan tsaunuka ya samo asali. A gundumar Challhuahuacho ta wannan lardi ne mahaƙar Las Bambas take, a tudun da ya kai kimanin mita 4,000, kuma tana cikin manyan mahaƙun jan ƙarfe na duniya. Ra'ayina shi ne rikicin da ya dabaibaye wannan mahaƙa, wanda aka fi kallo a matsayin rigimar kuɗi da ƙura, yana da saiwa a cikin matsalar harshe.

Kamfanin Xstrata ne ya sami izinin haƙar a 2004. Rahoton tasirin aikin ga muhalli, wanda gwamnati ta amince da shi a 2011, ya tanadi cewa za a tura ma'adinin ta bututu mai tsawon kilomita kusan 200 zuwa lardin Espinar, inda kamfanin yake da wata mahaƙa. Bayan Glencore ya haɗe Xstrata a 2013, sai aka sayar da Las Bambas a 2014 ga gamayyar kamfanoni ƙarƙashin MMG, wanda akasarin hannun jarinsa na kamfanin gwamnatin Sin ne. Da mahaƙun biyu suka rabu, maganar bututu ta bi ruwa. Aka koma jigila da manyan motoci, ɗaruruwa a kullum, bisa hanyar da ba ta da kwalta a wurare da yawa, tana ratsa ƙauyuka da makiyaya. An shigar da sauye-sauyen ta takardun fasaha na Sifaniyanci, al'ummomin kuwa suka ce ba a shawarce su ba. A Satumban 2015 zanga-zanga ta ɓarke, aƙalla mutum 3 suka rasa rayukansu a arangama da 'yan sanda. Tun daga nan toshe hanya ya zama ruwan dare, har a 2022 aikin ya tsaya cik fiye da kwana 50.

Abin mamaki, a takarda Peru ba ta gaza ba. Gwamnatin Janar Velasco Alvarado ta ayyana Kechuwa harshen hukuma a 1975. Tsarin mulkin 1993 ya tabbatar masa da wannan matsayi a yankunan da ya fi rinjaye. A 2011 aka kafa dokoki biyu: mai lamba 29735 kan harsunan asali, da mai lamba 29785 kan tuntuɓar al'ummomin asali kafin ɗaukar matakin da zai shafe su. Ƙidayar 2017 ta nuna masu Kechuwa a matsayin harshen uwa sun kai kusan miliyan 3.8. Duk da haka, harshen da ake yanke hukunci da shi a kan ƙasa da ruwa bai sauya ba. An bai wa Kechuwa rawani, an hana shi kujerar fada.

Za a iya cewa fassara ba ta kawar da ƙura, kuma mahaƙar ta kawo ayyuka da kuɗin shiga ga lardin da ya daɗe cikin mafi talauci a ƙasar. Gaskiya ne. Za a kuma ce manoma da yawa ba sa karanta Kechuwa ko da an rubuta, domin makaranta da Sifaniyanci ta koya musu karatu. Wannan ma haka yake, sai dai hujja ce a kan hukuma, ba a kan manomi ba. Al'ummomin Andis suna yanke shawara ne a taron gari, baki da baki. Can ya kamata a kai bayanin cewa bututu ya zama ayarin motoci, da tafinta ƙwararre wanda ba kamfani ke biyansa ba, a maimaita ta rediyo, tun kafin a sa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: makiyayin da dabbobinsa ke kiwo a bakin hanyar ya fi injiniyan Lima sanin abin da ƙura za ta yi wa ciyawa da rani.

Nauyin ya fi rataya a wuyan gwamnati, domin ita ta kafa dokokin, ita kuma ta amince da sauye-sauyen. A 2018 ma ta mayar da sassan hanyar ta ƙasa, matakin da wasu al'ummomi suka ƙalubalanta da cewa ta filayensu ta bi ba tare da izininsu ba.