Gwajin Jinin Cutar Herpes: Takarda Ɗaya Ba Ta Isa Hujja Ba

A watan Disambar 2023, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi likitoci cewa gwajin jini na cutar herpes, mai haddasa ƙuraje a al'aura, kan iya nuna mutum yana ɗauke da ita alhali ba ya ɗauke da ita.

Asalin matsalar yana cikin yadda gwajin ke aiki. Garkuwar da jiki ya samar yake aunawa, ba ya ganin ƙwayar cutar kanta. Ƙwayar kuwa iri biyu ce: HSV-1, wadda ta fi fitowa a leɓe, da HSV-2 ta al'aura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ta farkon, kuma kamanninta da ta biyun na iya rikita gwajin.

Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana cewa sakamakon da awonsa ya tsaya tsakanin 1.1 da 3.0 yakan zamo kuskure, don haka sai an tabbatar da shi da wani gwaji na daban. Ga mai ƙurji kuwa, gwajin ruwan ƙurjin ya fi inganci.

Irin wannan takarda na iya jefa zargi tsakanin ma'aurata ko ta wargaza baiko. Kafin a yanke wa kowa hukunci, ya wajaba a tambayi likita adadin awon, sannan a nemi gwajin tabbatarwa.