Na'urar Kirki Ana Gina Ta Ne Don Ranar da Iska Ta Ɗauke

A kowane gefe na intanet za ka ga matasa suna gardama kan wace waya ce ta fi kyamara ko ta fi sauri. Ni kuma watannin nan wata gardamar daban ce ta cinye mini data: yadda ake zana ƙaramin jirgin ruwa na doguwar tafiya, wanda mutum ɗaya zai iya tuƙawa da filafili, kuma idan iska ta taso ya ɗaga ƙyalle ta tura shi. Aikina rubuta manhaja ne, kafinta ba sana'ata ba ce. Amma na sami darasi a wannan fanni da ban samu a bidiyon koyon kodin ko ɗaya ba, kuma ra'ayina shi ne: duk wanda zai zana irin wannan jirgi, ya fara da ƙarfin hannun mutum, iska ta biyo baya.

Abin da ya ja ni ciki wata gasa ce da ake kira Race to Alaska, wadda aka fara a 2015. Ana tashi daga garin Port Townsend a jihar Washington ta Amurka zuwa Ketchikan a Alaska, tafiyar mil 750, kimanin kilomita 1,200, wato ta fi nisan Kano zuwa Legas. Dokarta gajera ce: babu inji, babu jirgin rakiya. Wanda ya zo na ɗaya yana karɓar dala 10,000, na biyu kuma a ba shi wuƙaƙen yankan nama. A wannan hanya iska kan ɗauke na tsawon awanni, ga igiyar ruwa mai ƙarfi a matsatsun wurare. Idan jirginka ba ya tafiya sai da iska, to ruwa ne zai zaɓa maka inda za ka.

Matsalar mai zane ita ce, tuƙi da filafili da tafiya da iska abubuwa biyu ne da ba sa ga maciji. Jirgin filafili yana son zama siriri, dogo, marar nauyi, domin a ƙaramin gudu yawancin abin da ke riƙe jirgi gogayyar ruwa ce da jikinsa. Jirgin iska kuwa yana son faɗi ko nauyi a ƙasa, domin iska tana tura ƙyallen ta gefe tana neman kifar da shi. Ka ƙara faɗi, mai tuƙi ya sha wahala. Ka rage faɗi, iska ta kwantar da kai cikin ruwan sanyi.

To me ya sa na ce a fifita filafili? Lissafi ne. Lafiyayyen mutum yana iya ba da kimanin wat 100 idan zai yi awanni yana aiki. Akwai cajojin waya masu saurin caji da ke ba da irin wannan ƙarfi. Da shi ne za ka tura jirgi, da kanka, da ruwan sha, da abincin kwanaki. Kuma idan kana so ka ninka gudunka sau biyu, ƙarfin da za ka buƙata ya kai wajen ninki takwas. Iska kuwa idan ta zo, tana zuwa da ƙarfi har ya yi yawa, sai ma ka rage ƙyalle. Saboda haka kuskuren zane a ɓangaren iska ana iya jure shi, amma kowane kilo na banza da kowace tazarar faɗi da ba ta da amfani, a kafaɗar mai tuƙi suke ƙarewa.

Masu zane sun bi hanyoyi daban-daban. Colin Angus, ɗan ƙasar Kanada, ya zana jirgin RowCruiser mai tsawon kusan ƙafa 19, siriri, da kujera mai zamewa don ƙafafu su taya hannu aiki, da ɗan ɗakin kwana a ciki. Don ya ɗauki ƙyalle, sai ya ɗaura masa ƙananan mataimaka biyu masu yawo a ruwa, dama da hagu. Da shi ya kammala gasar Alaska shi kaɗai a 2016. John Welsford na ƙasar New Zealand kuma ya zana SCAMP, gajere bai kai ƙafa 12 ba, mai faɗi, da tankin da ake cika wa ruwa a ƙasa don ya ƙara nauyi, a kuma zubar idan ba a buƙata. SCAMP yana da kwanciyar hankali a iska, amma ba shi za ka zaɓa ba idan za ka wuni kana jan filafili. Kowannensu ya san abin da ya sadaukar.

Masu saɓa mini suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. A shekaru ukun farko na gasar, jiragen iska masu gangar jiki biyu ko uku ne suka lashe ta, ba jiragen filafili ba. Haka ne. Amma waɗannan jirage ne masu tsada da ƙungiya ke tuƙawa don neman kyauta. Mutum ɗaya da ya fita da jirgin da ya haɗa a gida, burinsa ya isa gaɓa kafin duhu ko da iska ta mutu. Shi ya sa tambaya ta biyu bayan ta filafili ita ce: idan jirgin ya kife, shi kaɗai zai iya miƙar da shi ya hau? Rufaffun akwatunan iska a gaba da baya su ne ke hana shi nutsewa, kuma duk zanen da ya rage su don samun wurin kaya, a wurina ya faɗi.

Na taɓa cin wannan tuwon a aikina. Na rubuta wa wani ɗan kasuwa manhajar lissafin kaya, na gwada ta a wayata mai ƙarfi da intanet mai kyau, komai na tafiya sumul. Da ta isa hannun yaran shagonsa masu ƙananan wayoyi da netwok mai zuwa yana ɗaukewa, sai ta riƙa tsayawa, cinikin rana guda ya ɓace, na kusa rasa aikin. Na gina ta ne don ranar iska mai kyau. Sai da na sake rubuta ta yadda za ta ajiye komai a waya, ta tura idan netwok ya dawo.

Yau kayan aikin zane suna hannun kowa. Manhajar FreeShip kyauta ce, DELFTship ma tana da nau'in kyauta. Za ka zana jikin jirgi a kwamfuta, ta lissafa maka nauyin da zai ɗauka da yawan jikinsa da ke taɓa ruwa, har ta shimfiɗa maka sassan yadda za a yanka su daga katakon filawud, a ɗinke da wayar ƙarfe, a liƙe da gam mai ƙarfi. Amma manhaja ba za ta faɗa maka abin da za ka hakura da shi ba. Wannan hukuncin naka ne, kuma Hausawa sun riga sun ce ba a gudu ana susar takashi.

Saboda haka idan za ka sayi waya, ko za ka rubuta manhajarka ta farko, kada ka tsaya kan yadda take aiki a tallan kamfani. Ka tambayi yadda za ta yi idan batir ya koma kashi 5, netwok ya rage sanda ɗaya, ga kuɗi kana so ka tura wa wani a asibiti. Wanda ya zana jirgi don ya tuƙu da wat 100, wannan ranar ya yi wa tanadi.