Kafin a haɗa jaka, a duba jini

Wata uwa ta rubuto min cewa 'yarta za ta bi ƙawayenta hawan Dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, tana tambayar me za ta zuba mata a jaka. Hajiya, jaka ta jira tukuna, a fara duba jininta. Tsayin dutsen nan mita 5,895 ne, iskar can sama kuma ba ta ƙosar da jiki. Mai sikila kada ta je. Mai AS ma sai ta ga likita, domin saifa na iya samun matsala a can.

Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamun farko na rashin wadatar iska. Idan suka ƙaru, ko ta fara tangaɗi, ko tana haki alhali tana zaune, ta sauko nan take, ko da kuɗin sun tafi a banza. Wannan ki nanata mata, don yara da jin kunyar abokai.

A jaka kuwa: takalmin da ƙafarta ta saba da shi, ba sabo ba, rigunan sanyi, safa mai kauri, fitilar goshi, ORS da dabino. Kada a manta katin rigakafin shawara, a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya.