A Tambayi Shugaban Makaranta Kafin A Sa Hannu

Tun daga 1976 ƙasarmu ba ta rasa sabbin tsare-tsaren ilimi ba. A watan Satumba na wannan shekara gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin UPE, wato firamare kyauta ga kowane yaro. An yi lissafin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Azuzuwa suka kasa, aka koma gindin bishiya, aka ɗebo malamai da horon gaggawa.

Sai tsarin 6-3-3-4, wanda aka rubuta cikin manufar ilimi ta 1977, aka soma aiki da shi a 1982. Mu dai muna ganin tunanin yana da kyau ƙwarai. Yaro zai yi shekara 3 a ƙaramar sakandare yana koyon aikin katako da ƙarfe da lantarki, domin ko karatu ya tsaya masa a nan, ya fita da sana'a a hannu. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai, ta rarraba wa makarantu. Amma makarantu da yawa ba su da ɗakin da za a kafa injin, ba wutar NEPA, ba malamin da ya san kansa. Akwatunan suka zauna a sito ko a baranda shekara da shekaru. Gara ta ci katakon, ruwa ya shiga, ɓarayi suka kwashe abin da ya rage. Kada mu yi saurin zargin shugabannin makarantun. Wanda ya sa hannu ya karɓi kaya, shi za a tuhuma in sun lalace, saboda haka barin akwati a rufe ya fi masa kwanciyar rai.

Da an aika wa kowane shugaban makaranta takarda guda tun kafin a yi odar kayan, ana tambayarsa ko yana da wuta da ɗaki da malami, da an tsirar da kuɗi masu yawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da muke roƙo ke nan: Ma'aikatar Ilimi ta riƙa tambaya kafin ta yanke shawara, ta bar shugaba ya daɗe a makaranta har ya ga ƙarshen abin da ya fara, ta kuma sakar masa kuɗin ƙananan gyare-gyare. Bai kamata sai an rubuta wasiƙa hedikwata kafin a maye kwanon rufin da iska ta yaye ba.

Wasu za su ce in an sakar wa shugaba kuɗi, zai ci. Akwai masu ci, ba mu musa ba. Maganinsu shi ne hukumar gudanarwa da ƙungiyar iyaye da malamai su zauna kowane zango, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Iyayen da ke ganin makaranta kullum sun fi sufeton da ke zuwa sau ɗaya a shekara sa ido.

Jami'o'i ma ciwon ɗaya ne. Gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar ASUU a 2009, rigimar cika ta kuwa ta kai ga yajin aikin wata 8 a 2022, yayyenmu da suka gama nan suna zaune a gida.

A 2025 an sanar da sabuwar manhaja mai ɗauke da sana'o'i, har da haɗa wutar sola da gyaran wayar hannu. Muna maraba da ita. Sai dai muna so a fara ƙirga mana malamai nawa ne a ƙaramar hukumarmu suka taɓa haɗa faranti da batir da hannunsu, kuma wa zai biya kuɗin horar da sauran.